Hoton da Bai Fita Ɗaka Ba: Katin Shaidar Wata Makarantar Matan Aure a Mabera

Kawuna yana da makarantar Islamiyya ta matan aure a Mabera, nan cikin Sakkwato. Zama biyu ake yi, na hantsi bayan an sallami 'yan boko an kintsa gida, da na bayan la'asar. Ni kuwa ɗan shagon kwamfuta gare ni. Cike fom da buga takarda su ne abincina, rubuta shafin intanet kuma ina taɓa shi idan kasuwa ta yi sanyi. Bara bayan Babbar Salla kwamitin makarantar ya ce a yi wa kowace ɗaliba katin shaida mai hoto, don ɗalibai sun kai wajen 400, malamai ba su san fuskar kowa ba, kuma a jarrabawar da ta wuce an gano wata ta zo ta zauna a madadin yayarta mai jego. Aikin ya faɗo kaina saboda ɗa ba ya yi wa kawunsa ciniki.

Buga katin ba shi da wani labari. Maganar hoton ce ta cinye mana makonni, ita kuma zan bi daki-daki.

Abin da ya faru kafin a kira ni

Sakataren makaranta mutum ne mai saurin aiki. Ya rubuta lambarsa a allo, ya ce kowace ɗaliba ta turo hotonta ta WhatsApp. Cikin kwana kaɗan wayarsa ta cika. Sai dai abin da ya shigo ba hoton fasfo ba ne. Mace ta tsaya a tsakar ɗakinta an ɗauke ta daga nesa, ga gado, ga jeren kwanuka, ga kishiya ko 'yar budurwa ta gifta a baya ba lulluɓi. Wata an ɗauke ta da goyo. Wata hoton biki ta turo, su biyar a jere, ta ce ita ce ta tsakiya. Nufin sakatare shi ne ya kawo min su shago in bi ɗaya bayan ɗaya in yanke fuskokin.

Ba a kai ga haka ba. Wayar ta faɗi, gilashi ya fashe, ya kai ta wajen mai gyara ta kwana biyu. Babu wanda ya ce mai gyaran ya buɗe komai, amma labari ya kai kunnen wani magidanci cewa wayar da hoton matarsa ke ciki ta kwana a kasuwa. Da la'asar sai ga shi a zauren Kawu. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi sa maganar ta yi nauyi ke nan.

“Malam, ni ba gardama niz zo yi ba,” in ji shi. “Hoton huska kunka ce. To ɗakin iyalina mi shika yi cikin wayar wani namiji?”

Kawu bai sami amsa ba, don babu ita. A daren ya sa sakatare ya goge komai a gabansa, washegari ya aiko a kira ni.

Fom ɗina na farko, da tambayar da ta rusa shi

Na yi abin da na saba. Na rubuta ɗan shafi mai gurbin suna, aji, unguwa da maɓallin ɗora hoto. Hoton zai tafi sabar da muka kama haya, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, can wani umarni ya yanke tsakiyarsa ya rage shi. Na gwada a kwamfutar shago da wani tsohon hoto, ya tafi lafiya lau.

Da aka ba malamai mata su gwada da wayoyinsu, fiye da rabi suka ce abin yana juyawa yana juyawa, daga ƙarshe ya ce babu hoto. Dalilin bai ɓuya ba. Harshen PHP da sabar ke aiki da shi yana zuwa da iyakar megabait 2 ga kowane fayil da za a ɗora, sai in an ɗaga ta da hannu. Wayoyin yanzu kuwa, har masu araha irin Tecno da Infinix da itel, hoto ɗaya yakan kai megabait 3 ko 4. Ana iya ɗaga iyakar, na kuma yi niyyar haka. Ina cikin yi wa Kawu bayani ya katse ni.

“Dakata, ɗana. Hoton ga, in ta taɓa wurin nan, ina shika tahiya?”

Na ce sabar.

“Ita sabar tana ina?”

Na ce gaskiya a wata ƙasa take, ban taɓa ganinta ba.

“Dut da gadon da kwanukan?”

Na ce eh, amma can za a yanke.

“To mi anka yi ke nan? An ɗauke daga wayar sakatare an kai ma wanda ba mu sani ba.”

Na so in ce masa ba mutum ne zai gani ba, na'ura ce. Sai na tuna cewa ni da kaina ina da mabuɗin wannan sabar, kamfanin da ya ba mu haya ma yana da nasa, kuma cikakken hoton zai sauka a can ko da na daƙiƙa ɗaya ne kafin a yanke. Dattijon da bai taɓa rubuta layin umarni ko ɗaya ba ya riga ni ganin inda gizo ke saƙar: ba yadda za a yanke ba ne, inda za a yanke ne. Dole almakashin ya kasance a hannun mai hoton, cikin wayarta, kafin komai ya fita.

Lissafin da ya kamata in fara da shi

Katin da za mu buga girman katin cirar kuɗi ne, milimita 85.6 a 54. Muka tsaida hoton a milimita 35 faɗi, 45 tsawo, girman da ƙasashe da yawa ke amfani da shi a fasfo. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, inci ɗaya kuma milimita 25.4 ne. In ka buga lissafin za ka sami ɗigo 413 a faɗi, 531 a tsawo. Jimilla ɗigo 219,303.

Hoton waya mai megafiksil 12 kuwa ɗigo 4000 ne a 3000, wato miliyan 12. Abin da katin ke bukata bai kai kashi 2 cikin 100 na wannan ba. Tamkar mutum ne ya ɗauko buhun gero daga Acida zuwa cikin gari don a ɗebi cikin tafi guda a yi kunu. In kowace ɗaliba ta ɗora megabait 3 da rabi, su 400 sun ƙone gigabait 1.4 na datarsu. In fuskar kawai ta tafi, a matse a kilobait 40, duka makarantar megabait 16 ne. Mafi yawan matan nan datar da maigida ya sa musu ko wadda suka saya da ribar ƙuli-ƙuli da awara suke lallaɓawa, kuma a wasu lungunan sai an fito tsakar gida ake samun sabis. Fayil ɗin kilobait 40 yana wucewa ko da sanda ɗaya. Na megabait 4 yakan mutu a hanya, a sake daga farko.

Alli da almakashi

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da ni a lokacin, shi ne burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet irin su Chrome, tana da almakashinta. Akwai wani fili na zane a cikin kowace burauza ta zamani da ake kira kanbas (ba takalmin ba), wanda kamfanin Apple ya fara shigo da shi a 2004 kafin sauran su karɓa. Umarninsa mai suna drawImage yana karɓar hoto tare da lambobi takwas: huɗu na wurin da za a ɗebo, huɗu na wurin da za a ajiye da girman da ake so. Yanka da ragewa duk a bugu ɗaya. Wani umarnin, toBlob, ya mayar da abin da aka zana fayil. Ba a bukatar sauke komai.

Abin da burauza ba ta da shi shi ne akwatin nan da mutum ke ja da yatsa ya ce daga nan zuwa nan nake so. Baduku kafin ya sa wuƙa a jar fata sai ya zana inda za ta bi. Wuƙar muna da ita, zanen muke nema. Nan ne ƙananan ƙunsoshin JavaScript (harshen umarnin da burauza ke ji) da wasu suka riga suka rubuta suka raba kyauta ke shigowa.

Uku na duba. Jcrop tsoho ne, an daɗe ana aiki da shi, amma sigar da na saba gani sai an haɗa ta da wani ƙunshin mai suna jQuery, shi kuma jQuery shi kaɗai ya kusa kilobait 90 kafin a matse. Cropper.js na Chen Fengyuan shi ne mafi cika: yana zuƙowa, yana juyawa, yana ma miƙo maka yankakken hoton a shirye. Ba ni da abin kushe shi, wanda ke son a gama masa komai shi ya kamata ya ɗauka. Na ukun, Croppr.js, bai kai kilobait 10 ba in an matse, bai jingina da kowa ba, kuma aikinsa ɗaya tak: ya nuna akwati a kan hoto, ya ba ka lambobi huɗu, nisa daga hagu, nisa daga sama, faɗi da tsawo. Ko yankan ba ya yi.

Shi na ɗauka. Ba don kilobait ɗin kaɗai ba, don gaskiya bambancin nauyinsu bai kai na hoto guda ba. Dalilina shi ne ina son in san kowane layi da hoton matan nan zai bi, yadda idan Kawu ya sake tambayata ina yake tafiya zan amsa ba tare da in-ina ba. Na kuma kwafo fayil ɗin na ajiye a sabarmu maimakon shafin ya riƙa janyo shi daga wani wuri, kada wata rana a canza shi ban sani ba.

Tsarin ya zama haka. Ɗaliba ta zaɓi hoto, burauza ta buɗe shi a cikin wayar ba tare da ta aika ko'ina ba, akwatin ya fito a kulle a ma'aunin 35 da 45, ta ja shi kan fuskarta, ta danna “Yanke”. Kanbas ya zana wannan yankin a 413 da 531, a nuna mata ta gani, in ta yarda sannan ta danna “Aika”. Na zaɓi nau'in fayil ɗin hoto na JPEG a inganci 0.8. Wannan sai an faɗa da baki, don in ka yi shiru toBlob PNG yake bayarwa, shi kuma PNG ga hoton fuska nauyi ne da shi ninkin-ba-ninkin. Na kuma guji toDataURL da darussa da yawa ke koyarwa, domin yana mayar da hoto rubutu, girman ya ƙaru da wajen sulusi ba gaira ba dalili.

A takarda an gama. A hannun mutane aka fara.

Silin da labule

Gwajin farko da malamai, hotuna shida suka shigo. Babu fuska ko ɗaya. Silin, kusurwar labule, rabin kalandar bango. Malama babba ta kira ni tana dariya: “Injiniya, katin na ɗakuna na ko na mutane?”

Laifina ne. Hoto mai ɗigo miliyan 12, ko da megabait 3 ne a ajiye, idan burauza ta buɗe shi kowane ɗigo bait 4 yake ci, wato megabait 48 a ƙwaƙwalwar waya. Ƙaramar waya mai gigabait 1 ko 2 tana jin wannan a jikinta, akwatin ya riƙa tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi. Don haka na sa a fara rage hoton zuwa ɗigo 1600 a dogon ɓangarensa kafin a miƙa wa Croppr.js. Daidai ne. Kuskuren shi ne na karɓi lambobin da aka auna a kan ƙaramin, na je na yanka a kan babban. Babban ya ninka ƙaramin sau biyu da rabi, saboda haka duk lambobin suka faɗa can sama ta hagu, inda babu kowa sai sili.

Gyara biyu ne. Ƙunshin yana iya ba da lambobin a matsayin kaso tsakanin 0 da 1, ka ninka da girman kowane hoto. Ko kuma ka yanka a kan ƙaramin kai tsaye ka saki babban. Na biyun na bi, tunda 1600 ya ishi katin, wayar kuma ta huta. Na ƙara sharaɗi ɗaya: in yankin da aka zaɓa bai kai ɗigo 531 a tsawo ba, shafin ya ce, “An ɗauke ki daga nesa, a matso a sake.” Wannan ya kashe maganar hoton biki.

Fuskokin da suka kwanta

Wannan ya fi ba ni wahala, don a wasu wayoyi lafiya, a wasu fuska ta fito a kwance.

Waya ba kullum take juya hoto da gaske ba idan ka riƙe ta a tsaye. Sau da yawa tana ajiye shi yadda idon kyamarar ya gani, sai ta liƙa 'yar alama a cikin bayanan da ake kira EXIF, lamba daga 1 zuwa 8, mai cewa wanda zai nuna shi ya juya ta kaza. Lamba 6, wadda aka fi cin karo da ita, tana nufin a juya rubu'in zagaye zuwa dama. Shekaru da dama burauzoji ba sa kula wannan alamar, don haka masu rubuta shafuka suka saba karanta ta da kansu su juya. Ni ma na kwafo irin wannan gyaran daga wani tsohon darasi ba tare da na duba shekararsa ba. Ashe tun Chrome 81, wanda ya fito a 2020, burauzar da kanta take juyawa. Ita ta juya, nawa ya ƙara juyawa, mace ta kwanta a gefe. Wayoyin da hotonsu ya fito daidai su ne waɗanda kyamararsu ta riga ta ajiye shi a miƙe, ko masu tsohuwar burauza da ba a taɓa sabuntawa ba.

Akwai dabarar gane ko burauza tana juyawa ko ba ta yi. Ban bi ta nan ba. Na goge gyaran gaba ɗaya, na sa babban maɓalli mai rubutun “Juya”. Mai hoto ta fi kowace lamba sanin inda kanta yake.

Waɗanda shafin ya ƙi

Wasu suka ce sun zaɓi hoto, akwatin bai fito ba sam. Da na karɓi wayar wata malama na duba, Opera Mini ce a yanayin tsimin data mafi tsanani. A wannan yanayin ba wayar ce ke sarrafa shafin ba, kwamfutocin Opera ne ke buɗe shi su matse su aiko da sakamakon, don haka jan akwati da yatsa ba ya yiwuwa. Nan babu dabara. Na sa shafin ya duba, in ya ga abin da yake bukata babu, ya rufe maɓallin ɗorawa ya rubuta da Hausa cewa a buɗe da Chrome. Wani abokina ya ce in bar musu ƙofar baya, wadda burauzarta ta gaza ta aiko da cikakken hoton a yanke a saba. Na ƙi. Ƙofar bayan nan ita ce ainihin abin da magidancin ya zo ƙara a kai, kuma da zarar an buɗe ta kowa ta nan zai bi.

Sai matsalar da ta fi ɓata wa mata rai. Mace ta zauna ta rubuta suna, sunan mahaifi, unguwa, aji, da kyar da jiɓin goshi, ta danna ɗaukar hoto, kyamara ta buɗe, ta dawo ta tarar da fom fari fat. Android ce ke yin haka: idan ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan takan kashe burauzar da ke baya don kyamara ta samu wuri, in an dawo shafin ya sake lodi. Na juya tsarin, hoto ya zama matakin farko, rubutu ya biyo baya. Na kuma sa abin da aka rubuta ya riƙa ajiyuwa a cikin wayar har a aika. Malamai su ma suka riƙa faɗa a aji: ku fara ɗauka da kyamara, ku rufe ta, sannan ku shiga shafin ku zaɓo.

Yatsu, haske da hijabi

Ƙananan murabba'an da ake kamawa a ja akwatin an yi su ne da tunanin linzamin kwamfuta. A gilashin waya, wanda sau da yawa ma a tsage yake, yatsar dattijuwa ba ta kama su. Google na ba da shawarar duk abin taɓawa ya kai awo 48 a kowane gefe, Apple kuma 44. Na faɗaɗa su, na kuma hana shafin zamewa sama da ƙasa yayin da yatsa ke kan hoton.

Kulle ma'aunin akwati bai hana bambancin fahimta ba. Wata ta matse har sai ido da hanci, don kunya. Wata ta bar rabin jiki. Na zana siffar ƙwai mai ɗigo-ɗigo a tsakiyar akwatin, da rubutu a ƙasa: “Daga goshi zuwa haɓa su cika ƙwan nan.” Malama babba ce ta ba ni kalmomin. Ni da na rubuta wani dogon bayani ne mai kama da takardar kotu.

Abin da yanka ba ya gyarawa shi ne haske. Hoton ɗaka ba wuta duhu ne, na tsakar gida da rana tsaka kuwa, ranar Sakkwato da kowa ya sani, ido a runtse, inuwar hijabi ta raba fuska biyu. Wanda ya fi kyau shi ne a tsaya cikin inuwar rumfa ko bakin ƙofa ana fuskantar waje, da hantsi. Wannan ba shafi ne ya koyar da shi ba, malamai ne, da misali a gaban aji.

Abin da ya faɗi a hanya

Akwai ribar da ban nema ba. Bayanan EXIF ba alamar juyi kaɗai ke ciki ba. Akwai irin wayar, rana da sa'ar ɗauka, kuma in an bar kyamara tana sanin wuri, har da lambobin GPS na inda aka tsaya, wato ƙofar ɗakin matar. Kanbas ɗigo kawai yake kwafa. Fayil ɗin da ke fitowa daga cikinsa sabo ne, babu ko ɗaya daga waɗannan. Fom ɗina na farko da ya tafi da su duka. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya yi shiru, can ya ce, “Ashe abin ya hi yadda nika zato.”

Kada kuma wani ya ɗauka yanka a burauza ya sauke wa sabar nauyi. Duk abin da ke gudana a wayar mutum, mai wayo na iya tsallake shi ya turo abin da ya ga dama. Sabar tana duba kowane fayil: hoto ne na gaske, JPEG ne, 413 a 531 ne, bai wuce kilobait 150 ba. In ɗaya ya saɓa, ta ƙi. Shafin kuma ta hanya mai kulle yake tafiya, da takardar shaida kyauta ta Let's Encrypt. Mabuɗin ganin hotunan yana hannun Malama babba da mataimakiyarta. Masu niƙabi suka ce ko fuskar ba su yarda namiji ya gani ba, don haka ranar buga nasu na haɗa injin, na nuna wa mataimakiyar inda za ta danna, na fita na zauna wajen mai shayi har ta gama.

Ba kowa ce ta iya da kanta ba. Waɗanda ba su da babbar waya, da tsofaffin da suka ce su ba su iya wannan jaye-jayen ba, malamai mata ne suka ɗauke su a aji, jikin farin bango, ta cikin shafin dai, suka goge na asali daga wayarsu a gaban mai shi. Na yi zaton su ne za su zama 'yan kaɗan. Sun kai kusan sulusin makarantar.

Magidancin da ya zo zaure shi ya riƙe wa matarsa wayar da kansa. An ce sai da ya yanke sau uku, yana dubawa ko wani abu na ɗakin ya leƙo ta gefe, kafin ya aika.

Kuɗin da muka biya daga baya

Wata huɗu bayan raba katin, ajin farko ya zo saukar Alƙur'ani. Kwamiti ya so a buga babban allon girmamawa da hoton kowace mai sauka, a rataye a ajin mata. Sakatare ya zo shago da murnarsa, ai muna da hotunan kowa. Na buɗe ɗaya na faɗaɗa masa zuwa girman tafin hannu biyu. Fuskar ta dagargaje ta koma murabba'ai. Ɗigo 413 a faɗi ya ishi milimita 35, bai ishi allo ba, kuma na asalin babu shi a ko'ina sai a wayar mai shi, in ma ba ta goge ba.

Ya ce da na ajiye manyan ko da a ɓoye. Ta fuskar sana'a yana da hujja, ƙa'idar masu aikin hoto ce kada ka jefar da na asali. Da na san za a zo nan, da na yanke a ninki biyu, 826 a 1062, wanda ba zai wuce kilobait ɗari da wani abu ba, kuma fuskar ce dai kawai. Wannan kuskurena ne, rowar data ta rufe min ido, na kuma gyara shi ga sababbin ɗalibai. Amma ajiye cikakken hoton a ɓoye, wannan ban yi nadamar rashinsa ba.

Muka kai maganar gaban Kawu. Ya saurari sakatare, ya saurare ni, ya tambayi ko su nawa ne masu saukar. Aka ce 23. Ya ce a nemo mace mai ɗaukar hoto ta zo ranar Alhamis ta ɗauke su a aji, wadda ba ta so a rubuta sunanta kawai da babban baƙi. Bakwai suka zaɓi suna.